Jini ya zuba a cikin idona ba tare da wani abu ya buge ni ba

Ni dai abin da ya fi ɗaure min kai shi ne babu zafi ko kaɗan. Ba faɗuwa na yi ba, ba buguwa ba, kawai na fara ganin wasu baƙaƙen zare-zare suna yawo a idon dama, kafin wani lokaci sun koma hayaƙi ja-ja, fuskar mutum ma sai dai inuwa. Daga waje kuma idon fes yake, kowa ya duba sai ya ce ai lafiya lau. Da safe abin ya fi muni, ashe in mutum ya kwanta jinin komawa yake baya ya rufe tsakiyar gani.

Likitan ido ya haska ya kasa hango bayan idon saboda jinin, sai aka yi min sikanin, aka shafa man nan mai sanyi a fatar idon aka ɗora na'ura. Abin da suke nema shi ne ko tantanin bayan ido, wato ratina, ya yage ko ya ɓalle, don in ya ɓalle to ba maganar jira, tiyata ce cikin gaggawa. Nawa Alhamdulillahi yana nan a manne.

Sanadin nawa ciwon suga ne da na daɗe da shi. Yadda ya yi min bayani, sugan yana toshe ƙananan jijiyoyin ratina, sai idon ya tsiro da wasu sababbi marasa ƙwari, su ne ke fashewa su zubar da jini cikin ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika ƙwayar ido. Ya ce wannan yana kan gaba cikin dalilai, amma akwai yagewar ratina in shekaru sun ja, akwai toshewar jijiya mai alaƙa da hawan jini, sannan masu sikila, musamman masu SC waɗanda da yawansu ke ganin nasu mai sauƙi ne.

Aka ce in riƙa kwana kaina a sama da filo biyu uku, in bar ɗaukar kaya masu nauyi, kuma kar in dakatar da wani magani nawa sai da sanin likita. Wallahi jiran nan ne ya fi wuya, kullum ka farka ka rufe ido ɗaya kana gwadawa. An yi min allurar Avastin, maganin da ke dakatar da tsirowar irin jijiyoyin nan, a cikin idon, jin sunan abin ya fi shi kansa tsoro don sai an kashe wajen da maganin ɗigawa, da idon ya ɗan washe aka bi da lesa, wato hasken na'ura da ake ƙona wasu wurare a ratina da shi. Jinin ya sake dawowa, ƙarshe dai aka yi aikin da ake zuƙe ruwan mai jinin gaba ɗaya.

Yanzu ina karatu da idon, amma ganin gefe ya ragu, da daddare ma haka, lesa kan jawo hakan, kuma an faɗa min yanar ido za ta iya biyo bayan aikin. Cire jinin ba shi ke yanke hukuncin yadda gani zai dawo ba, lafiyar tsakiyar ratina ce, shi ya sa mai ƙaramar yagewa da aka kama da wuri kan samu ganinsa sosai, wanda suga ya riga ya ci wajen kuwa ko an wanke tas sai a hankali. Idon hagun da nake cewa lafiyayye, da aka buɗe shi da maganin ɗigawa an ga irin jijiyoyin nan sun fara fitowa, shi ma an soma yi masa lesa tun bai zubar ba.