Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Jinin Maza

A makon jiya na tsaya a kan komawarmu gidan Baffa bayan rasuwar mahaifinmu, kuma 'ya'yansa sun aiko mini da saƙo cewa in ƙyale mamaci ya kwanta lafiya. Allah Ya jiƙan Baffa. Ya ciyar da mu, ya tufatar da mu, ban taɓa musun wannan ba, amma akwai maganarsa guda da ba zan tsallake ba, domin ita ce ta shiga tsakanin Yaya da magani.

Garinmu yana ƙasar Kura, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya iso ta magudanan noman rani. A da, kududdufi kan ƙafe idan rani ya yi nisa, amma da zuwan magudanan sai ruwa ya zauna shekara cur, aka samu alkama da shinkafa da tumatir, mu yara kuma muka samu wurin wanka daga hantsi har la'asar. Ba a daɗe ba Yaya ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, ɗigo kaɗan masu zuwa da zafi. Inna ta je ta durƙusa gaban Baffa ta ce, "Malam, yaron nan fa jini yake fitsarwa." Baffa bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufkawa ba, ya ce, "Ke dai bar shi, jinin maza ne, alamar ya fara girma."

Jinin maza ne. Da wannan magana aka rufe bakin Inna, kuma da yake rabin sa'o'inmu suna fama da abu ɗaya, har gori ake yi wa wanda bai fara ba. Ni ma na yi, sai dai ni an tura ni makaranta a birni, na rabu da ruwan da wuri, aka kuma ba ni magani a can. Yaya ya zauna a gona, ƙafarsa cikin ruwa kullum.

Sai da na girma wani likita ya zauna ya zana mini abin a takarda. Tsargiya ce, cutar da wani likitan Jamus mai suna Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan dodon koɗi, su yawaita a can, sannan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Idan tsutsar ta girma, sai ta tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai, kowane ƙwai kuma yana da tsini kamar ƙaya, shi ne yake yanka bangon mafitsara har jini ya fito. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayayen da ba su fita ba. Su ne suke maƙalewa su bar tabo, bangon mafitsara ya yi kauri ya taurare, bututun nan guda biyu da suke sauko da fitsari daga ƙoda su tsuke, fitsari ya riƙa taruwa a sama har ƙoda ta kumbura ta daina aiki. Wasu kuma ciwon daji ne yake kama musu mafitsara bayan shekaru. Jinin kan ragu idan mutum ya manyanta, kuma a nan ne mutanenmu suke zaton an warke.

Haka Baffa ya zata. Na tuna ranar ɗaurin auren Yaya, yana nuna shi ga baƙi yana cewa, "Ga shi nan, ba na ce muku jinin maza ne ba?" Goggo ma, wadda take wanki a magudana, ta yi shekaru tana shan jiƙo da sunan ciwon sanyi, alhali tsargiya tana kama mahaifa da gaban mace, abin da ba wanda ya taɓa faɗa mana.

Yaya ya rasu ƙafafunsa a kumbure, bayan mun sayar da wani sashe na gonar gado muna biyan kuɗin wankin ƙoda. Maganin da zai kashe tsutsar, praziquantel, ƙwaya ce da ake haɗiya sau ɗaya, kuma yanzu har makarantu ake kai ta kyauta, a auna tsawon yaro da sanda a ba shi gwargwadonsa. Ba ta hana sake kamuwa, ba ta kuma goge tsohon tabo, shi ya sa likitan ya ce mini da a ƙuruciya aka kawo shi da magana ta bambanta. Inna ta nemi kuɗin mota a lokacin, Baffa ya ce ba a kai namiji asibiti don ya zama namiji.

'Ya'yan Baffa suna cewa zamanin ne haka, kowa ma haka ya sani. Na ji, amma Inna ma a zamanin take, kuma ba ta yi karatu ba, duk da haka ta san jini ba ya fita daga jikin yaro a banza. Mako mai zuwa zan kawo yadda aka raba abin da ya rage na gonar.