Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kujerar Shugaba da Halin Mai Zama Kanta

Makon jiya mun tsaya a yammacin da manoman albasa na garinmu, can bakin fadamar Magiya a jihar Tawa, suka ɗaga hannu suka ɗora mini shugabancin ƙungiya. Abin da ya biyo baya yana nan tafe. Wannan makon zan jingine labarina in yi bayanin kujerar kanta, don in ba a gane ta ba sauran zancen ba zai zauna ba.

Ƙungiya irin tamu tana bin dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta OHADA, wato hukumar ƙasashen Afirka da suka haɗa dokokinsu na kasuwanci, doka ce wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Ƙaramar ƙungiya a dokar nan, wadda ake kira SCOOPS, mutum 5 ma suna iya kafa ta. In mambobi ba su kai 100 ba, kwamitin gudanarwa ba ya wuce mutum 3, sai kwamitin sa ido na mutum 3 zuwa 5. Babban taro wajibi ne kowace shekara, cikin wata 6 da rufe lissafi, kuma ƙuri'ar mai kadada 3 daidai take da ta mai 'yan fangula. Wannan a takarda ke nan. A gari kuwa, 'yan sa idon nan maƙwabtanka ne, sahunku ɗaya a masallaci, da wuya ɗayansu ya dubi idonka ya ce ka kauce. Saboda haka dole shugaba ya san inda halinsa ke yoyo, ya toshe tun ruwa bai zo ba.

Yoyon da ya fi cin ƙungiyoyinmu ba sata ba ne, kunya ce. Bayan magariba sai ka ji sallama, ƙanen mahaifiyarka ne. An shimfiɗa tabarma, an gaisa, an tambayi iyali da gajiya, sannan ya sassauta murya: "Ɗana, buhu biyu na taki kawai, in an cire albasa in biya." Bashin bara yana nan a kaye, wato littafin lissafi, bai goge ba. Wanda ya san bakinsa ba zai iya furta a'a ga kawu ba, kada ya tsaya gwada jarumta. Ya raba kansa da makulli. A sa kwaɗo biyu a ƙofar magaza, kamar yadda ake yi wa ajiyar gero da wake da ake jingina wa asusun bashi: makulli ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin ɗan sa ido. A tsai da rana ɗaya a mako ta fitar da taki. Sai amsa ta zo da sauƙi: "Kawu, ku yi haƙuri, ba ni da makulli, sai an zauna Laraba." Ba ƙarya aka yi ba, zumunci kuma bai ɓaci ba. A babban taro a karanta sunayen masu bashi da ƙarfi, a fara da gidan shugaba.

Sai maganar sayarwa, inda nake ganin kowane shugaba yake tsirara. Albasar Galmi tana cika kasuwa a Maris da Afrilu, farashi ya faɗi ƙasa. Wanda ya iya ajiya a rudu, wato rumbun albasa, har bayan damina shi ke cin riba, amma kowane mako tana raguwa, wata ta ruɓe, wata ta tsira, musamman wadda aka cika wa takin ure ko aka ci gaba da ba ta ruwa har dab da cira. Shugabanni iri biyu ne a nan. Akwai mai firgita: ya shiga rudu ya ji ɗan wari, gobe ya kira dillali ya sallamar da komai. Akwai mai kwaɗayi: kamiyon Gana yana tsaye, an taya da daraja, ya ce a ƙara mako biyu, har albasa ta koma ruwa. Kowannensu yana ganin hankali ne yake yi. Ka duba gonarka ta kanka, shekara 3 baya, yaushe ka sayar? Amsar ita ce irinka. In ka gane, ka cire hukuncin daga hannunka tun ranar zuba kaya: taro ya raba ajiyar kashi 3, ya yanke farashin da in buhu ya kai za a saki kowane kashi, a rubuta, a sa hannu. Mutum biyu su riƙa tsince ruɓaɓɓu duk mako suna rubuta yawansu, don shawara ta tsaya kan ƙidaya, ba kan hancin shugaba ba.

Baki ma yoyo ne. In shugaba ya fara faɗin ra'ayinsa, taro ya ƙare, sauran "haka ne, haka ne" kawai. Ya yi magana a ƙarshe, ya fara da matasa da mata. Mai saurin fushi kuma ya san lokacinsa; in da rana tsaka ne ko da la'asar ɗin azumi, kada ya yanke tara ko kora a ranar, magana ta kwana.

Akwai wanda ake ɓoyewa fiye da kowanne, wato rashin iya karatun lissafi. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da faran take. Dala 100 faran 500 ce, jika guda faran 1000. Manomi ya kawo dala 100, magatakarda ya rubuta 100, ƙarshen shekara kuɗin akwati da na kaye su ƙi haɗuwa, a fara zargin wanda bai ci komai ba. Shugaban da ke gyaɗa kai don kada a ce bai yi lakwal ba, shi zai ɗauki laifin. Gara ya faɗa a fili, ya sa a karanta masa kowane layi da dala da faran kafin ya dangwala hannu.

To, ta ina mutum zai gano nasa, tunda laifi tudu ne? Kada ka tambayi mutane yaya suke ganinka, za su ce sambarka. Ka samu tsohon shugaba, ko uwargidanka, ko ɗan dakon da ke ɗinke buhu, kowa shi kaɗai, ka ce: "In dukiyar nan za ta salwanta a hannuna, ta wace ƙofa za ta fita?" Ka yi shiru, kada ka kare kanka. Abin da mutum biyu suka maimaita ba tare da sun haɗa baki ba, a nan za ka sa kwaɗo.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan labari daga Larabar farko da aka buɗe magaza.