Ranar da na soke taron da aka ɗage

A watana na uku da kama aikin akawu a wani ofishi a nan Sakkwato, shugaban sashenmu ya umarce ni da in sanar da wakilanmu na Tambuwal da Illela da Gwadabawa cewa an ɗage taron ranar Laraba sai an tsayar da wata rana. Da yake da Turanci ake rubuta takardun ofis, sai na rubuta musu "the meeting has been called off", na buga hatimi, na aika. Bayan mako biyu aka sake kiran taron, wakilai biyu suka zo hannu rabbana, ba su shirya rahotonsu ba, domin a fahimtarsu maganar taro ta mutu.

Babban akawunmu, dattijo mai sanyin hali, bai faɗa mini komai a gaban jama'a ba. Sai bayan la'asar ya kira ni, ya juya bayan wani tsohon ambulan ya rubuta "put off" a sama, "call off" a ƙasa, ya ce, "Ɗana, na sama ɗagewa ne, abin yana nan zuwa, na ƙasa kuwa sokewa ne, an fasa ke nan."

Abin da ya ruɗe ni shi ne na ɗauki kowace kalma ita kaɗai, na ce ai "call" kira ne, don haka za a sake kira. Ashe irin waɗannan aikatau na Turanci masu tafiya da 'yar ƙaramar kalma a baya ba a fassara su gutsure-gutsure, dole a haddace su a haɗe. Ya kawo mini misalin da ya zaunar da ma'anar a kaina: idan Bature ya ce "call off the dogs", yana nufin a kira karnuka su bar abin da suka tasam ma, kamar yadda mafarauci ke yi wa karensa a daji. Da wannan aikatau ake cewa an fasa biki, an soke wasa, ko an janye yajin aiki. Ya kuma ja kunnena cewa idan wakilin suna ya shigo, tsakiya yake zama, wato "call it off", ba a kai shi ƙarshe.

A ganina malamanmu ya kamata su riƙa koyar da wannan daga kanun jaridu, domin a can bambancin ya fi fitowa. Yajin aikin da ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta fara ranar 14 ga Fabrairu, 2022, wanda ya zaunar da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da takwarorinsu a gida wata 8, dakatar da shi aka yi ranar 14 ga Oktoba, wato "suspend", kuma abin da aka dakatar yana iya dawowa.

Ambulan ɗin yana cikin aljihun teburina har yau, kuma kafin in buga kowace sanarwa sai na tambayi shugabana, "Yallaɓai, an ɗage ne ko an fasa?"