Kafin Layi Ya Zo Kanku

A ɗakin karatun da nake zuwa akwai wani littafi da kowa ke nema, kwafi ɗaya ne tak, kuma sunayen masu jiransa sun cika shafi a rijistar aro. Wanda yake hannunsa yanzu, Allah ya sa ba irin masu karanta shafi biyu su yi barci ba ne. Masu jira da yawa sun tambaye ni me za su riƙa lasa kafin nan. Amsata ita ce labaran bincike da na tashin hankali, amma gajeru. Kada ku ɗauko ƙaton littafi, don ranar da aka kira ku za ku bar shi a tsakiya, kuma labarin kisan kai ba a barinsa a tsakiya.

Ku fara da na gida. A 1982 aka fitar da littattafan da suka yi nasara a gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, biyu daga cikinsu kuwa har yau ban ga wanda ya ture su ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina kan 'yan fasa-ƙwauri yake, da yadda kuɗi ke sayen bakin masu tsaron iyaka. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fi shi zafi nesa ba kusa ba: jaruminsa Mailoma, bindigogi, miyagun ƙwayoyi, da ɓarnar da ta biyo bayan yaƙin basasa. Wannan kam ba na yara ba ne, kada a ajiye shi a falo. Wahalarsu ɗaya, samu. Ku tambayi masu tsofaffin littattafai a Samaru da kasuwar Sabon Gari a Zariya, ko wani ɗalibin sashen Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello, da wuya a rasa mai tsohon kwafi da aka ɗinke bayansa da zare.

Wanda Turanci bai dame shi ba, ya nemi Agatha Christie. And Then There Were None, na 1939, shi nake fara miƙa wa mutum. Mutum goma aka tara a wani tsibiri a gaɓar Ingila, ba jirgin komawa, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma mai kisan yana cikinsu. Ni da biro nake karanta irin wannan. A bayan takardar kuɗin wuta nake jera sunaye, duk wanda ya mutu in ja masa layi, wanda nake zargi in sa masa alama. Ƙanwata tana cewa, "Yaya, kai da 'yan sanda wa ya fi wani aiki?" Agatha Christie ba ta ɓoye wa mai karatu hujja, a gabanka take ajiye ta, sai dai ta ja hankalinka wani wuri a daidai lokacin. In ya yi muku, ku bi da Murder on the Orient Express na 1934, inda dusar ƙanƙara ta tsayar da jirgin ƙasa, aka wayi gari da gawa a ciki.

James Hadley Chase kuwa, iyayenmu sun sha shi. Gudunsa kamar ɗan acaɓan da ya hango hadari, amma in ka karanta uku ka karanta sauran.

A cikin sababbi, My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, 2018. A Legas labarin yake. Korede ma'aikaciyar jinya ce, ƙanwarta Ayoola kuma duk saurayin da ta yi sai ya ƙare a gawa, yayar ce mai goge jini. Tun shafin farko an san mai laifi, abin da ke hana barci shi ne inda zumunci zai tsaya. Babobinsa gajeru ne ƙwarai, wani ko shafi bai cika ba, don haka tsakanin Kwangila da Samaru a cikin bas za ku cinye da dama.

In kuma layi ya zo kanku, don Allah ku karanta ku mayar cikin wa'adi. Sunana yana can ƙasan shafin.