Tambayar da na yi wa ɗana ranar ziyara

Shekara guda cur muka yi muna shirin jarrabawar shiga kwalejin kimiyya, ni da babban ɗana, tun yana farkon aji uku na ƙaramar sakandare. Duk wanda ya tashi a Kano ya san darajar waɗannan makarantun kwana na gwamnati, waɗanda aka soma da na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma ya san yawan likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu. Na ɗauki malamin lesin, na sayo tsofaffin tambayoyi, yaro ya rubuta, sunansa ya fito. Akwatin ƙarfe, katifa, bokiti, gari da sukari, duk an haɗa ba tare da wata matsala ba.

Abin da ban yi wa shiri ba shi ne ranar da zai daina zuwa na ɗaya. Tun daga firamare wannan yaro bai taɓa sauka ƙasa da na biyu ba, har na saba, na mai da abin kamar haƙƙina. Da sakamakon gwajin farko ya fito, ranar ziyara, muna zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, ya miƙo mini takarda hannunsa yana rawa: na 27. Ban dubi makin ba, ban tambayi yadda yake barci ko cin abinci ba. Abin da ya fito daga bakina, a gaban ƙannensa, shi ne: "Wasa ka zo yi nan ke nan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Baba." Ko shinkafar da mahaifiyarsa ta dafo tun asuba bai iya ci ba.

Wannan tambaya ta ci mana kusan zango biyu. Ya koma karatun dare bayan an tashi daga firef, wato lokacin nazari da makaranta ta tsara, yana haddace littafi da tocila yayin da 'yan ɗakinsu suke barci, da safe kuma yana gyangyaɗi a aji. Hadda ita ce ta kai shi na ɗaya a ƙaramar sakandare, amma fiziks da kemistiri ba sa jin hadda; wanda bai fahimci dalilin dabara ba, da an sauya lambobin tambaya ya ɓace. Mafi muni, ya daina ɗaga hannu a aji, domin a ganinsa tambaya shaida ce ta cewa maganata gaskiya ce. Ya dawo hutu ya rame, ga ciwon kai, ga shiru.

Malamin ajinsu ne ya farkar da ni, kuma bai yi mini ta sauƙi ba. Ya ce, "Alhaji, duk yaran da ke ajin nan na ɗaya ne ko na biyu a inda suka fito, kuma dole wani ya zo na ƙarshe." Ya buɗe mini rajistar maki, sai na ga tazarar da ke tsakanin ɗana da na goma ba ta taka kara ta karya ba, kuma makinsa na lissafi yana cikin mafi kyau a ajin. Takardar nan tana hannuna ranar ziyara, amma lamba ɗaya kawai idona ya gani.

Saboda haka duk uban da ɗansa ya samu irin wannan makaranta, ko ta jiha ko ta tarayya da ke Suleja, ya zaunar da shi kafin tafiya ya gaya masa cewa matsayinsa zai sauka, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Idan sakamako ya zo, a bi darasi ɗaya bayan ɗaya, a tambaye shi wanne ne yake ba shi wuya, sannan a nemi malamin darasin. Kada kuma a yi wannan magana a gaban ƙanne.

Na ba shi haƙuri, abin da ban taɓa zaton zan yi wa ɗan cikina ba. Yanzu yana aji uku na babbar sakandare yana shirin WAEC da JAMB, yana barci a kan lokaci, har 'yan ajinsu suna kawo masa lissafi. Sai dai har yau idan sakamako ya fito, mahaifiyarsa yake fara kai wa, ni kuma a wurinta nake ji.