Ranar da aka ƙwace wa rumbuna kujerarsa

Talata, Aboabo, Kumasi.

Da na idar da sallar asuba ban koma barci ba, saboda na yi wa Hajiya alkawarin yau bidiyon bikin 'yarta zai bar hannuna. Sati uku ke nan tana turo mini saƙon murya, kowanne ya fara da addu'a ya ƙare da gori. Na tsaya wurin mai koko na sha da ƙosai a tsaye, na wuce shago. Na tarar ɗan yayata ya riga ni, ya yi shara, ya kunna kwamfuta, har ya soka pendiraib ɗinsa, 'yar ƙaramar ma'ajiyar nan ta aljihu, yana kwasar waƙoƙi.

Na jona baƙin rumbun ajiyar kwamfutar nan mai terabait 2 da nake tara aikin bukukuwa a ciki, na buɗe aikin Hajiya a manhajar haɗa bidiyo. Ja wur! Duk inda fuskar amarya take ya koma jan allo, manhajar tana cewa ba ta ga fayil ko ɗaya ba. Aikin kwana tara. Gabana ya yanke ya faɗi, ban san lokacin da na fara salati ba. Na leƙa cikin rumbun da hannuna na rawa, sai ga komai yana nan, daga sa lalle har kai amarya. Na ɗan jima ina kallon allon kamar wawa kafin idona ya sauka kan harafin da ke gaban sunan rumbun. F ne. Jiya da dare da na rufe shago, E ne.

Yaron ya ga yadda fuskata ta sauya, ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa komai ba."

Na ce, "Na yarda ba ka taɓa ba. Ka dai riga shi zama."

Abin da ya faru ke nan kuwa. Harafin nan da Windows ke bai wa duk abin da aka soka mata ba sunan yanka ba ne, kujerar torotoro ce, motar hayar nan: wanda ya riga shiga shi ke zama a wadda ya tarar babu kowa. Pendiraib ɗin yaron ya shiga da sassafe, ya tarar E babu mai ita, ya zauna. Rumbuna ya zo a makare, aka tura shi ta gaba. Ita kuma manhajar haɗa bidiyo ba haɗiye bidiyon take yi a cikinta ba, kwatance kawai take riƙewa, cewa a je harafi kaza, folda kaza, za a tarar da fayil kaza. Ta je E, ta tarar da waƙoƙi, ta ɗaga jan kyalle.

Laifina ne, in za a faɗi gaskiya. Shekara nawa ina wannan sana'a, kuma na san maganin, kasala ce kawai ta hana ni. Na zare pendiraib ɗin, na danna dama a kan maɓallin farawa, na shiga Disk Management, inda ake ganin duk rumbunan a jere kamar filayen da aka yanka. Na danna dama a kan nawa, na zaɓi wurin sauya harafi. Da fari na yi niyyar mayar masa da E ɗinsa in huta, sai na tuna gobe ma wani na iya riga shi. Saboda haka na gangara can ƙarshen baƙaƙe na ba shi X, inda babu wani pendiraib ɗin kwastoma da zai kai. Ɗaya rumbun, wanda nake ajiye kwafin kariya, na ba shi Y. Na koma manhajar na nuna mata inda fayil guda yake a sabon wuri, ita da kanta ta bi sawu ta gano sauran. Amarya ta dawo da murmushinta.

Yaron yana tsaye a kaina duk wannan lokaci. Ya ce, "To Kawu, me ya sa kullum daga C ake farawa? Ina A da B?" Na yi dariya, domin tambayar ta nuna mini na fara tsufa. Na jawo durowa na laluba ƙarƙashin tsofaffin kebul na zaro masa fulofi, faifan ajiya na da, guda da ya yi ƙura. Ya juya shi gaba da baya, ya ja ƙarfen bakinsa ya sake. Na ce wannan shi ne mai A, in injin yana da baki biyu na biyun ya karɓi B, shi ya sa da rumbun ciki ya zo sai ya tarar C ce ta rage. Abin da yake ɗauka megabait 1.44 ne, hoto ɗaya na wayarka ma ba lalle ya shiga ba. Masu kujerun sun mutu tuni, amma har yau ba a ba wa kowa wurinsu sai in mutum ya sa hannu ya bayar. Na kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya je yi wa C wasa, can ne gidan Windows ɗin kanta.

Abu ɗaya da na tuna kafin in manta: X ɗin nan a cikin wannan kwamfutar kawai aka rubuta shi. Rumbun bai san an ba shi ba. In na kai shi laftof ɗin gida zai sake zama baƙo, sai na maimaita masa a can.

Hajiya ta iso wajen sha ɗaya a faragiya, keken hayar nan mai ƙafa uku, da jikarta riƙe da jaka. Na tashi na ba ta kujerata, muka gaisa har ta tambayi masu gida ɗaya bayan ɗaya. Ta kwance bakin mayafi ta fito da sabon pendiraib mai jiga 32, wato gigabait 32, ta ce a zuba mata a nan, a talabijin ɗin falo take so su kalla da ƙawayenta. Na soka, na jawo bidiyon na sake a kai. Nan take ya ƙi, wai fayil ɗin ya fi ƙarfin tsarin da ke kan pendiraib ɗin.

Jikar, wadda da alama ita ce injiniyar gidan, ta leƙo ta ce ai akwai wuri, ga shi an rubuta kusan jiga 29 babu komai, bidiyon kuma jiga 9 ne kacal. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, ko dai jabu suka sayar mini?"

Na ce, "A'a Hajiya, kayanku lafiya lau. Ɗaki ne babba, ƙofar ce ƙarama."

Yawancin irin waɗannan ƙananan pendiraib da tsarin FAT32 suke fitowa daga kamfani. Tsoho ne, tun 1996 yake aiki, lokacin da ba wanda ya yi mafarkin bidiyon biki ɗaya zai cika jiga tara. Dokarsa ita ce fayil guda ba zai kai jiga 4 cif ba, ko da fili ya kai daga nan zuwa Tamale. Ka zuba ƙanana dubu ya karɓa, ka kawo ƙato ɗaya ya rufe ƙofa. Amma tsufan nasa shi ne darajarsa, domin kusan babu na'urar da ba ta jin yarensa: rediyon mota, tsohuwar talabijin, injin buga hoto, sifikar masu wa'azi.

Nan ne bambancin abin safe da na yanzu. Harafi na kwamfuta ne, yana nan a shago in an zare kebul. Tsarin fayil kuwa a jikin pendiraib ɗin yake, da shi zai shiga faragiya ya tafi gidan Hajiya. Don haka ba abin da ya fi mini sauƙi zan duba ba, abin da talabijin ɗinta za ta iya karantawa ne. Da don ni ne, minti ɗaya ya isa in yi masa fomat, wato in share shi in sauya masa tsari, zuwa exFAT, wanda aka fito da shi a 2006 musamman don irin waɗannan ma'ajiyai, ba shi da wannan shinge na jiga huɗu. Na tambayi shekarun talabijin ɗin. Hajiya ta ce tun kafin Alhaji ya rasu aka saye ta, Allah ya jiƙansa. Na ce amin, na kuma fasa. Na sha ganin tsofaffin talabijin da za a soka musu exFAT su yi shiru kamar ba a sa komai ba, daga nan sai a dawo mini da rana tsaka ana cewa na ba da fanko.

Sai na bar shi a FAT32 ɗinsa na yanka bidiyon gida uku, kowanne wajen jiga 3: sa lalle, ɗaurin aure da walima, sai kai amarya. Na sa musu lamba 1, 2, 3 a farkon suna don su jeru. Hajiya ma ta fi son haka, ta ce dama ba kowa za ta nuna wa kukan da ta yi ranar kai amarya ba. Da na zo raɗa wa pendiraib ɗin suna, wanda shi yana bin sa duk inda ya je, na rubuta BIKIN HAJIYA, ya ƙi karɓar harafin ƙarshe. FAT32 gurbi 11 kawai yake bayarwa, nawa kuma 12 ne in an ƙirga tazarar tsakiya. Na cire tazarar, ya zama BIKINHAJIYA, ya shiga daidai wa daida.

Bayan azahar na aika aka sayo mini wake da shinkafa da shito, ina cikin ci sai ga wan amarya, boga, kamar yadda muke kiran mazauna Turai, da ya zo daga Hambog ta Jamus. Jibi zai bi motar dare zuwa Accra ya hau jirgi, kuma sai yau ya tuna yana son ɗanyen bidiyon gaba ɗaya, wanda ba a tace ba, sama da jiga 200. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma boga bai san wannan ba. Ya miƙa wa yaron wani siririn rumbu mai launin azurfa. Hannuna duk mai, na ce a soka ina zuwa.

Ina wanke hannu a bakin ƙofa na ji yaron yana cewa, "Kawu, ya ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi. In danna?"

Ban san da wace ƙafa na shigo ba. Na yi tsawar da har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ya leƙo. Kibiyar tana daidai kan maɓallin. Na janye hannunsa daga linzamin, na soke tambayar, sannan na juya na tambayi mai kayan da wace kwamfuta yake aiki. Ya ce Mac, ta kamfanin Apple. Me ke cikin rumbun? Ya ce hotunan 'ya'yansa tun daga haihuwa, da takardun zamansa, kuma ba shi da kwafinsu ko'ina. Sai da na zauna.

Rumbun lafiyarsa ƙalau. Da tsarin Apple aka shirya shi, APFS ko wanda ya gabace shi, Windows kuwa ba ta karanta su da kanta. Da ta ga rubutun da ba ta iya ba sai ta ɗauka allon fari ne, ta nemi izinin sharewa. Danna ɗaya ya rage. Na lura bogan bai gane girman abin ba, yana ta duba agogo, ni ne ke ta gumi a madadinsa.

Na ce masa ba zan taɓa wannan rumbu ba ko da kuɗi. Ya ba yaron kuɗi ya tafi Adum ya sayo sabo mai terabait 1. Da aka kawo, ya ga an rubuta jiga 931 maimakon dubu, ya fara cewa an cuce shi. Na bayyana masa masu ƙerawa da dubu-dubu suke lissafi, kwamfutar kuma da 1024, mudun ne ya bambanta, hatsin ɗaya ne. Sabon ya zo da NTFS, tsarin da nake amfani da shi a nawa rumbunan, kuma na fi amincewa da shi saboda yana riƙe da ɗan littafin abin da yake cikin yi, in wuta ta yanke ya san inda ya tsaya. Matsalar ita ce Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja, shi kuma ya ce yana so ya zuba hotunan wayarsa a ciki in ya koma. Tunda fanko ne, na yi masa fomat zuwa exFAT, wanda kowane ɓangare ke karantawa ya kuma rubuta. Na ja masa kunne cewa wannan ba shi da wancan littafin, kada ya riƙa fizge kebul sai ya sallami rumbun daga kwamfuta tukuna.

Kamar da bakina na kira ta. Kwafi ya kai kashi saba'in da wani abu, gab da magariba, wuta ta ɗauke. UPS ɗina, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci, ya fara kukansa, kuma na san batirinsa ya tsufa, minti biyar ma da ƙyar. Na tsayar da kwafin, na jira ɗan fitilar rumbun ta daina ƙiftawa, na sallame shi, na sallami X, na kashe komai. Muka zauna a duhu ni da yaron, na haska masa da waya yana yanka farin salatif yana liƙa wa rumbunan, yana rubuta harafin kowanne da biro. Ya tambaya ko zai iya tafiya da fulofin nan ya nuna wa abokansa. Na ce ya ɗauka.

Bayan isha'i wayata ta yi ƙara, Hajiya ce. Na ɗauka da bismilla. Ta ce ya yi, talabijin ta karɓa, suna kan na biyu ma yanzu, ina jin guɗar ƙawayenta ta bayan wayar. Sai ta rage murya ta ce amma akwai magana: me ya sa ƙanwarta ta fi ta fitowa a wurin sa lalle? Na ce gobe in sha Allah zan duba. Wutar ba ta dawo ba har yanzu, kuma sauran jiga sittin na boga suna jirana da safe.