Dila biyun da na hana

Tun da na dawo daga Kantin Kwari bayan sallar Magariba nake juya maganar nan a raina, har uwargida ta lura na tashi na bar rabin tuwona, ta tambaye ni ko jikin ne.

Da hantsi Yaya ya shigo shago tare da abokin nan nasa da muka yi makarantar allo tare a Fagge. Bayan gaisuwa ya ce mutumin yana son atamfa dila 2 bashi, zai kai Maraɗi, ya kawo kuɗin bayan wata 3. Babu abin mamaki a ciki, domin bashi ba baƙon abu ba ne a Kwari, ni kaina da kayan wani na fara, kuma Yaya ya ce shi zai tsaya masa. Amma tun kafin ya rufe baki na ji ƙirjina ya yi nauyi, hankalina ya ƙi kwanciya. Na ce, “Yaya, ka yi haƙuri, a wannan karon ba zai yiwu ba.” Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, “To, Allah ya ba da kasuwa.” Suka fita ba su ko taɓa shayin da yaron shago ya kawo musu ba.

Na wuni ina neman hujjar da zan kare kaina da ita, kuma guda ɗaya na samu. Duk zaman da mutumin ya yi, bai kai hannu ya taɓa turmi ko ɗaya ba. Wanda zai ɗauki kaya ya sayar yakan warware turmi, ya murza bakin zanen tsakanin yatsunsa, ya duba ko yadi 6 ɗin ya cika, ya tambayi zanen da mata ke yayi yanzu, ya ja farashi ko da bashi zai karɓa. Shi kuwa mukullin motarsa yake ta kaɗawa, duk kuɗin da na faɗa sai ya ce ba damuwa.

Sai dai a cikin adaidaita sahu, muna tsaye a cunkoson Ƙofar Mata, wani tunani ya zo mini wanda ban so ba. Wannan mutumin ya riga ni sauke Alƙur'ani, malam da shi yake yi mana misali, kuma yau ma mukullin nan na fara gani kafin in ga fuskarsa. Shin rashin taɓa kayan ne ya tayar mini da hankali, ko kuwa tsohuwar hassada ce da ban taɓa yarda ina ɗauke da ita ba, ta tashi ta nemo wa kanta dalili daga baya? Na san hadisi na 27 a cikin Arba'una, inda Manzon Allah (SAW) ya umarci Wabisa da ya nemi fatawar zuciyarsa, kuma sau da yawa da shi nake kafa hujja. Amma na kuma san aya ta 12 a Suratul Hujurat, wadda ta ce wani sashe na zato zunubi ne. Zuciyar da ake neman fatawarta sai ta kasance wankakkiya, ni kuwa a daren nan ba zan iya rantsuwa a kan tawa ba.

Har yanzu ina ganin ko gobe suka dawo ba zan ba da kayan ba, domin nauyin nan bai bar ƙirjina ba. Abin da ya fi damuna shi ne ɗan daɗin da na ji a lokacin da na ce a'a.

Na kira Yaya sau biyu bayan Isha'i, bai ɗauka ba.

Zan yi raka'a biyu na istihara kafin in kwanta. Da safe kuma, kafin in buɗe shago, zan biya ta gidansa a Gwammaja in faɗa masa duka biyun, maganar turmin da kuma maganar mukullin.